Malam Kalilu, Ba Kai Ka Ɗaure Ruwa Ba

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, 28 ga Yuni, 2006, da hantsi, Allah Ya karɓi ran aminina Malam Kalilu Yelwa, tsohon malamin kimiyya a Dutsi, bayan jinyar hawan jini. Ina rubuta wannan ne da hawaye, amma ba zan ɓoye ba, fushina ya fi hawayen yawa.

Malam, kai ne ka koya mini cewa bayan gajeren zangon da muke kama labarai da shi a rediyo, akwai wani zango mai tsawon gaske, wanda saƙonsa ke bin doron ƙasa ya yi nisan da ba a zato. Burinka ka aika da irin wannan saƙo daga gonarka, ni kuma in kama shi a garinmu Babban Mutum. Duk rani, da an kwashe amfanin gona, sai ka kafa rodi biyu a ƙasa, ɗaya a gabas ɗaya a yamma, ka ja doguwar waya tsakaninsu, ka jona da batir. Fulani masu kiwo har sun saba, suna kewaye wayar da shanunsu. Shekaru muka yi ina jin shuuu kawai, kana yi mini tsiya wai kunnena ne ya tsufa. Ranar da ɗan siririn layin saƙonka ya fito a tsohuwar kwamfutata, na kira ka a waya, ka yi ta kabbara kamar an yi maka albishir da Makka.

Rediyon tsofaffi nawa ka gyara ba ka karɓi ko goro ba? Matan unguwa kuma a batirinka suke cajin waya. Na'urar sauraron da ka jona da wayar tana kama ƙarar walƙiya tun daga nesa, ƙyas-ƙyas kamar ana soya gyaɗa, don haka kakan san ko hadari ya kusanto ko yana can kudu. Manoma kan tare ka a ƙofar masallaci su tambaya, kai kuma ka faɗa musu iyakar abin da ka ji, ka ƙara da cewa sani na Allah ne.

Wannan alherin ne ya zame maka laifi. Bana ruwa ya makara. Aka yi yayyafi guda, mutane suka ɗauki iri, ka ce musu su dakata, hadarin na nesa. Wasu suka shuka, shukar ta ƙone. Maimakon a ce Malam ya yi gaskiya, sai aka ce, "Yaya aka yi ya sani, in ba shi ya riƙe ruwan ba?" Haba jama'a! Aka fita sallar roƙon ruwa, kana cikin sahu da rigarka a juye kamar kowa. Ana sallamewa, wasu suka zarce gonarka da fartanya, wai za su tono abin da aka binne. Suka tono rodi, suka ɗaga sama suna ihu sun ga asiri. Suka daddatse wayar da ka yi shekaru kana harhaɗawa, suka kai ƙararka kotun shari'a.

Alƙali, Allah Ya saka masa da alheri, ya sa aka kawo na'urar, ya saurara da kunnensa, ya ce bai ga sihiri ba, ƙarfe ne da waya. Ya gargaɗi masu ƙara a kan ƙazafi, ya sallame ka. To amma ƙazafin ya riga ya zaga kasuwa, hukuncin kuwa a zauren kotu ya tsaya. Waɗanda ka gyara wa rediyo suka daina amsa sallamarka. Hawan jini ya kwantar da kai, na zo duba ka, ka ce da ni, "Hafizu, ba wayar ke damuna ba. A ce ni, mai salla, na hana bayin Allah ruwa?" Daga wannan kwanciyar ba ka tashi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai ya faru ne a maƙabarta. Muna cikin rufe ka hadari ya haɗo, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ni na ɗauka rahama ce ta raka ka. Sai na ji wani a bayana yana raɗa, "Ka gani ko? Yana tafiya ya sake shi." A bakin kabarinka, Malam, ƙasar ma ba ta gama rufuwa ba! Kunya ba ta kama shi ba, tsoron Allah ma bai kama shi ba.

Yanzu wannan suna ya koma kan iyalinka. 'Yarka Adawiyya ta je ɗiban ruwa, aka ce ga 'yar mai ɗaure ruwa, ta dawo da tulu babu komai. Ina kira ga waɗanda suka ɗauki fartanya ran nan, kun san kanku: a bainar jama'a kuka ɓata shi, a bainar jama'a za ku wanke shi. Ku miƙe bayan sallar Juma'a ku faɗi abin da alƙali ya faɗa. Zuwa zaman makoki da kuka yi kuna sunkuyar da kai bai biya ba.

Guntayen wayar da rodin na roƙa a wajen matarka Haulatu, ta ba ni. Na ƙulla su, na kafa rodinka a gonata, ranar kasuwa, kowa na gani. Tun da na kafa, ruwa bai fasa zuba ba, geron maƙwabtana har ya kai gwiwa. Mai son tonowa ya zo, ya san gidana.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Haulatu da Adawiyya da sauran dangi, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Ya Allah Ka jiƙan Malam Kalilu, Ka yafe masa kurakuransa, Ka haskaka makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ka shayar da shi daga tafkin Annabi, shi da aka ce ya hana mutane ruwa. Amin.