Hanon Gwaggo

Shekarar da soja suka miƙa mulki, ofishinmu na gandun daji ya farka daga barci. Sabon shugaba ya zo da babbar riga da zafin nama, ya ce a tattara sunayen itatuwan da ke neman ƙarewa, ko a samu a kare su. Ni aka ba Tarauni, don ina haya a Gyadi-Gyadi kuma ina da keke. Cancantata ba ta wuce nan ba.

Sati biyu ina yawo, ban da darbejiya da mangwaro babu abin da na gani. Sai na tafi wurin Gwaggo, ƙanwar mahaifina, mai haɗa wa masu jego magani. Ta yi mini dariya son ranta, wai ma'aikacin daji bai san kanya ba sai a faranti. Da na dame ta, ta yafa mayafi ta ja ni wani kango ta wajen Daurawa. A bayan rusasshiyar katanga akwai bishiyar hano, ɓawonta na ɗayewa kamar tsohuwar takarda. Ta ce ita kaɗai ta rage a yankin. Ta nuna mini yadda take sassaƙa: kaɗan ta gabas, kaɗan ta yamma, ta shafe wurin da laka, ba ta dawowa sai ya warke. Ta ɓanto ƙaro ta murtsuke mini a tafin hannu. Ashe ƙamshin ɗakinta ne, wanda na tashi a cikinsa ban taɓa tambayar daga ina yake ba.

"Ka rubuta wa gwamnatinka," ta ce, "amma kada 'yan kasuwa su ji."

To, takardar da ofis ya ba ni in cike tana da gurbi a ƙasa: sai masana uku sun tabbatar da sunan itace da inda yake. Ni kuwa a lokacin takarda ta fi Gwaggo girma a idona. Na shiga layin masu sayar da sassaƙe a kasuwa, na ɗebo mutum uku, na kai su wurin bishiyar da ƙafata. Mutanen da sai sun jira an kawo musu hano daga dazuzzuka masu nisa! Suka zagaya ta, suka shinshina, suka ce lallai ita ce, suka dangwala yatsa. Ɗaya har da sa mini albarka.

Bayan wata biyu na koma da wayar shinge don in kewaye bishiyar. Na tarar da ita fara fat, an sassaƙe ta zagaye, tun daga gindi har inda tsani ya kai. Damina ta zo, ba ta yi ganye ba.

Na jira faɗan Gwaggo, bai zo ba, kuma wannan ya fi yi mini ciwo. Tana tankaɗe, ko kallona ba ta yi ba.

"Kun dai rubuta ta?"

Na ce mun rubuta.

"To, madalla."

Gwaggo ta daɗe da rasuwa, kangon ya zama shaguna. Ina kewarta ƙwarai. Nakan sayi ƙaron hano in turara, amma ba ya kai ni ɗakin nan. Kwafin takardar yana cikin akwatina har yau, da rubutun hannuna: hano, guda ɗaya, tana raye. A ƙasa ga yatsu uku na shaidu.