Allon Tagulla a Garejin Duane Petrak

An haifi Duane Petrak a garin Harlow Creek na jihar Ohio a shekarar 1976, kuma in ban da wata uku da ya yi a Toledo yana koyon gyaran injin wanki, bai taɓa zama a wani gari ba. Yana ɗan shekara ashirin da biyu ya kafa ƙungiyar kiɗan pop-pank, mai sauri da hayaniya, a garejin mahaifinsa, shi da amininsa Gus Halloran mai ganga, suka raɗa mata suna Jiƙaƙƙiyar Safa. Ba su taɓa ƙirƙirar waƙa ba. Aikinsu shi ne su ɗauko wadda take tashe a rediyo, su ninka saurinta, Duane ya rera ta hanci.

A bikin masara na 1998 suka kama waƙar soyayya ta wata fitacciyar mawaƙiya, mai tsawon minti huɗu da rabi, suka gama da ita cikin daƙiƙa tamanin. Ba wanda ya gane ta. Marlene, mai soya dankali a gefen dandali, ta tambaye shi ko shi ya rubuta. Haki ya hana shi magana, kansa dai yana sama yana ƙasa, ita kuwa ta ɗauka amsa ce. Shekara na zagayowa suka yi aure.

Tun daga nan gari ya riƙi waƙar a matsayin ta Duane. Duk ranar da ta asalin ta tashi a kanti, sai masu sayayya su sanar da manaja cewa batirin rediyonsa ya yi sanyi.

Bayan shekara ashirin da biyar, kwamitin tarihin gari, ƙarƙashin Misis Odell, ya yanke shawarar kafa allon tagulla a garejin, mai cewa a nan Duane ya rubuta wa Marlene waƙarta. Ƙaryar da ke yawo a iska Duane ya iya zama da ita, amma wadda za a zuba a tagulla ta hana shi cin abinci. Abin da yake tsoro ɗaya ne: kada Marlene ta ce auren ma aro ne.

Gus ya ce, “Mutumina, rufe bakinka ka karɓi allonka. Kana jin mawaƙiyar nan za ta zo Harlow Creek neman gareji?”

Duane bai ji ba. Ranar Asabar da hantsi, ana shirin yaye ƙyallen da ya rufe allon, ya karɓi makirfo ya faɗi gaskiya, sannan ya kunna waƙar asali a wayarsa. Jama'a suka tsaya cikin ladabi har minti huɗu da rabi.

Misis Odell ta ce, “Allah sarki. Ba ta da lafiya ne?”

“Haka take, ranki ya daɗe. Ita ce mai waƙar.”

Marlene ta matso, ta riƙe ƙugu. “Wato duk shekarun nan safar ɓarawo nake wankewa?”

“Aro ne, Marlene.”

“Sake kunnawa.”

Ya kunna. Ta saurara har tsakiya, sannan ta ɗaga kai.

“Kai Duane, dama akwai kalmomi a ciki?”

“Baiti uku, har da amshi.”

“To ni ban taɓa jin ko ɗaya ba. Na ga mutum yana zufa kamar ana binsa da sanda, na ce wannan ba zai ɓata min lokaci ba. Da a hankali ka zo kamar wannan baiwar Allah, ai da dankalina ya ƙone. Kashe, ka zo mu tafi, ga injin wankinmu can wata biyu yana jiranka.”

Kwamitin ya yi zama uku kafin ya daidaita kan sabon rubutu. Allon yana nan har yau, hagu da ƙofar garejin: “A nan aka gaggauta wata waƙa, 1998.”