Durumin Inna da simintina

Ni dai na yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu cur a Tasawa, kuma ba don ciwon ido ba da na yi ta biyar. Na faɗi wannan tun da fari don kada wani ya ɗauka jahili ne ya aikata abin da zan ba da labari. Mai ilimi ne ya aikata shi, da rana tsaka, da mitar awo a hannu.

A tsakar gidanmu akwai durumi. Inna, wadda ta haife ni, ita ta dasa reshensa a shekarar da aka kawo ta gidan daga Maijirgi. Kafin Baba ya rasu ya riga ya rufe rabin gidan da inuwa. A ƙarƙashinsa take kaɗi, a nan take ɓarar gyaɗa, a nan take yi wa duk wanda ya shigo shari'a ko bai kawo ƙara ba. Ban taɓa ganin wani ya ɗauki tulu ya ba durumin ruwa ba. Sai na ɗauka babban icce ya wuce shan ruwa, yadda babban mutum ya wuce shan nono.

Bayan an samu ƴancin kai gyaɗa ta yi daraja. Na samu aiki a bakin sikelin awon gyaɗa, tunda na iya karanta lamba ba tare da na juya ta ba. Kamyo, manyan motocin kaya, na shiga suna fita, kowa a unguwa ya yi abin da zai nuna shi ma ya ga zamani. Wani keke, wani rediyo, wani rufin kwano. Ni kuwa na taɓa shiga gidan wani akawu na ga tsakar gidansa shafe da siminti, sumul kamar faranti. Daga ranar ƙasar gidanmu ta fara ba ni kunya.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne lungun yamma, inda Inna da maiɗakina suke wanke-wanke da wanki. Wajen bai taɓa bushewa ba. Kullum caɓi, kullum agwagin maƙwabta. Tsakaninsa da gindin durumi taki goma sha biyu ne, na auna da kaina.

Na kira wani tsohon magini bayan kaka. Ya dubi durumin ya ce, “Ɗana, a bar wa iccen nan waje.”

Na ce, “Baba, an bar mai.” Na zana da'ira taki ɗaya kewaye da gindin, daidai yadda malaminmu ya koya mana a lambun lakwal sa'ad da muke dasa tumatir. Sauran duka aka shafe, aka karkata shi wajen rariya yadda ko cokali aka wanke ruwan zai fice waje. Maƙwabta suka yi ta zuwa kallo. Inna ta taka shi da ƙafa ɗaya, ta ce, “Yana da santsi.” Iyakar barkar da na samu daga wajenta ke nan.

Shekarar fari ba a ga kome ba, sai dai da azahar ba mai iya ratsa gidan ba takalmi. A bazara ta biyu durumin ya zubar da ganye kamar yadda ya saba, amma sabon da ya fito ƙanana ne kamar kunnen ɓera. Kan rassan yamma ya bushe. Inuwa ta huhhuje, har Inna ta koma jan tabarmarta sau uku kafin la'asar.

Sai na tashi tsaye a matsayina na mai ilimi. Na sa mai garwa yana juye ruwa cikin da'irar nan safe da yamma. Ba a yi wata biyu ba ɓawon gindin ya yi laushi, ya fara wari, gara ta samu gidan zama. Na tuna itatuwan hanyar gidan kumandan, Baturen mulki, waɗanda ake shafa wa farar ƙasa in biki ya zo, ga su kuwa lafiya lau. Na jiƙa farar ƙasa na shafe durumin har iyakar inda hannuna ya kai. Inna ta fito daga ɗaki ta tsaya tana kallo.

Ta ce, “Sannu ɗan lakwal. Ka yi mai likkafani tun bai cika ba.”

Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. Ɗan lakwal take ce mini, kuma daga yadda ta ja kalmar nake sanin ko zan ci tuwo cikin kwanciyar hankali.

Kowace safiya takan ɗauki ƴar wuƙarta ta ɗan tsaga ɓawon reshe. In farin nono ya tsattsafo, ta shafe wajen da yatsa ta wuce. Ran nan ta tsaga babban reshen yamma, ta jira, ba abin da ya fito. Ta tsaga na kusa da shi, ya fito kaɗan. Ta maida wuƙar cikin lefenta, ta ce mini ba tare da ta ɗaga murya ba, “Ranar da gindin ya daina nono, ka nemo mini jaki. Maijirgi zan koma. Gidan ƙanena akwai inuwa.”

Na yi dariya. Ranar kasuwa sai na ga ta ba wani ɗan garinsu lefen kaɗinta da tukunyarta ta miya ya wuce da su. Nan dariya ta ƙare. Tun da aka haife ni ban taɓa zama gidan da ba ta ciki ba. Ga kuma abin da gari zai ce, wai ɗan fari ya samu aikin sikeli, uwarsa ta bar mai gida.

Na same ta bayan la'asar na durƙusa. Na ce, “Inna, ruwa nake ba shi safe da yamma.”

“A ina?”

“A gindi.”

“Kai in ƙishirwa ta kama ka, a cibiya ake zuba maka?”

“To ina bakinsa yake?”

Ta miƙe da ƙyar, ta ratsa gidan har lungun yamma, ta buga diddige a kan simintina. “Nan. Shekara talatin da ɗoriya nan nike ba shi, da ruwan kwano da na wanki. Da damina kuma gidan duka bakinsa ne. Ka zo ka toshe.”

“Mi ya hana ki faɗa tun ranar?”

“Ka tambaye ni? Da mita ka zo.”

Washegari na koma wajen maginin. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ɗauko gudumarsa, ya ce, “Na gina, ga shi zan fasa. In akwai saura a karatun naku ka faɗa mini tun ina da ƙarfi.”

Muka fara daga lungun. Da muka ɗaga falle na fari sai ga saiwoyi sirara birjik, a cukurkuɗe kamar gashin da ba a taje ba. Na sama sun bushe, suna karyewa a hannu. Na tona ƙasa da yatsa na ga wasu farare, da sauran rai. Na daɗe a tsugune ina dubansu, har maginin ya ce ko addu'a nake musu.

Daga nan Inna ta karɓi aikin, daga kan tabarmarta, da sandar kora kaji. Ta sa muka fasa duk inda bakin inuwar yake kaiwa a dā, muka bar siminti a ƙofar ɗakuna kawai. Ta sa na toshe rariya. Ta kori mai garwa daga gindin, ta ce a yaye ƙasar da ta jiƙe a bar ɓawon ya sha iska. Ruwan wanke-wanke ya koma inda ya saba zuba. Ban da shi, sau ɗaya a mako ake juye garwa shida a bakin inuwa, a hankali, har ƙasa ta shanye. Na kwaso ɓawon gyaɗa, wanda a lokacin ko kyauta ba mai so, muka baza a kan ƙasar don kada rana ta lashe damshin. Ta ce in na bari ko ɗaya ya taɓa gindin, ni da gara mu sasanta.

Na ɗauko gatari zan sare busassun rassa, ta hana. Ta ce a jira damina ta wuce, a ga wanda ya mutu da wanda ya yi fushi kawai. Haka aka yi. Da yawa sun tofo. Babban reshen yamma bai tofo ba, na sare shi da kaina, ta shafe wajen da laka. Shekara biyu muna dafa abinci da shi a hankali, kuma duk sa'ad da maiɗakina ta sa guntunsa a murhu sai ta dube ni.

Bayan kakar shekarar da rassan suka tofo, ɗan garin nan nasu ya yi sallama da lefen kaɗi da tukunyar miya a kan jakinsa. Ban san yaushe ta aika ba. Ta karɓa, ta duba ko tukunyar ta tsage, ta shimfiɗa tabarmarta a gabas, inda inuwar ta koma. A nan ta zauna har ƙarshen kwanakinta.

Durumin yana nan, a karkace kamar mai sauraron maƙwabta. Tsakar gidan ma tana nan, rabi siminti rabi ƙasa. In jikokina suka tambayi dalili, nakan ce musu haka ake yayi a zamanin gyaɗa. Kakarsu, maiɗakina, tana jina daga lungun yamma, ta watsa ruwan kwanonta.