An Raba Yayata da Ɗan Farinta

An kashe mini yaya a rubuce, alhali tana nan da ranta a 'Yankuzo tana tatsar shanu. Ban yafe ba.

Na haura arba'in kafin na shiga ajin yaƙi da jahilci a Gusau, don haka ba na wasa da abin da aka rubuta. Wata Laraba Malamarmu ta nuna mana wani kundin sani a wayarta, wanda kowa ke iya sa hannu ya gyara. Ta ce mu faɗi sunan duk wani sananne. Na faɗi na ɗan yayata, marigayi, wanda ya yi shekaru yana gabatar da shirin manoma da makiyaya a rediyo. Sai ga hotonsa. Na bi layin da yatsa a hankali, har na kai inda aka ce an haife shi a Bungudu, mahaifiyarsa kuma ta rasu tun yana makaranta.

Na sake karantawa sau uku.

Ni na hura wutar ruwan wankan jegonsa. Ɗan fari ne, kuma a wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne. Ana yaye shi gwaggonsa ta Bungudu ta ɗauke shi riƙo. Ita ce ta rasu, Allah ya jiƙanta.

Malama ta koya mini yadda ake gyarawa, na rubuta gaskiya da hannuna. Kafin la'asar an mayar da ƙaryar. Wani da ban san fuskarsa ba ya bar mini saƙo cikin ladabi, wai ina madogara? Na amsa cewa ni ce madogara, ina cikin ɗakin aka yanke cibiya. Ya ce bai ƙaryata ni ba, Hajiya, amma su abin da jarida ko littafi ko rediyo suka fitar kawai suke ɗauka. Ya nuna mini wata 'yar lamba a ƙarshen layin, ya ce in taɓa.

Na taɓa. Labarin wata jarida ne na ranar zaman makoki. Ɗan jaridar ya rubuta cewa wata dattijuwa daga dangi ta tabbatar masa mamacin ɗan gwaggon nan ne ta Bungudu.

Nan take na tuna. Ina zaune kusa da yayata ran nan wani baƙo ya durƙusa ya ce, Inna, ke kika haife shi? Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ce ɗan Gwaggo ne. Duk matan da ke wurin sun san abin da take nufi. Baƙon ne kaɗai bai sani ba, shi ne kuma mai alƙalami.

Na kira yayata a waya kafin magariba, na karanta mata. Da na gama ta ce:

"To, ni mi zan ce? Ina raye in buɗe baki in ce nawa na?"

"Yaya, jikokinki za su karanta kin mutu."

Sai na ji tana jan hanci. Ko ranar da aka binne shi ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Na ce mata ba sai ta kira sunansa ba. Ni zan faɗa, ita dai kada ta musa.

Da gari ya waye na tafi gidan rediyon da ya yi aiki, na zauna a bencin ƙofa har shugaban shirye-shirye ya iso. Na ce ya ba ni ma'aikaciya mace da na'urar ɗaukar murya, mu je a ɗauki shaidata a gaban yayata a sa a rediyo, motar Tsafe da za ta kai mu 'Yankuzo ba ta jiran kowa.