Uwar da ke Cikin Tulu

Sunana Uwani, amma a unguwarmu Ammariyya babu mai ƙarasa shi. Uwa suke ce mini, yaran da aka haifa nan Jidda kuma su ce Khala Uwa, wato Goggo Uwa. Sunan nan nawa shi ya jawo wa maƙwabcina Malam Isha'aku babbar asara, ni kuwa ina ɗakina ban san hawa ba, ban san sauka ba.

Malam Isha'aku mutumin Damagaram ne, siriri, mai magana a hankali har mutum ya ƙosa. Sana'arsa ruwan khal, wannan mai tsami da ake zubawa a salak da waken ful. Na kanti ya cika gari, amma wanda ya ɗanɗani nasa ba ya komawa can. A wani ɗan sito ƙarƙashin bene yake yin sa, cikin tuluna da ya rufe bakinsu da farin ƙyalle. A cikin babban tulun akwai wani abu ja mai santsi kamar ɗanyar hanta, kwance a saman ruwan. Wannan abin ne ke mayar da ruwan inabi khal, kuma shi Malam Isha'aku ke kira uwa. Ta girmi ɗansa Usman, kuma tun rasuwar matarsa Safia ban ga abin da yake tattali kamarta ba.

Asalinta kuwa abin mamaki ne. Yana saurayi ya yi aikin kuku a Yamai, gidan wani Bafaranshe mai aikin ruwa. Mushe yake kiransa, kamar yadda suke cewa a Nijar, ni kuma 'yar Kano duk lokacin da ya faɗa sai na ce Allah ya kiyaye. Shi wannan Mushe yana da ɗaki guda na jar giyar inabi, daga wata shahararriyar gona a yankin Bordo. Aikin Isha'aku ne ya tabbata kwalaben suna kwance a gefensu don kada toshin ya bushe, ɗakin da sanyi da duhu, ba mai girgiza su. Ya ce giyar tana ƙara kyau ne da shekaru, kaifinta ya kwanta, launinta ya sauka daga ja wur ya koma kamar na bulo. In za a buɗe ɗaya, Baturen yakan zuba kaɗan, ya karkata kofin a kan farin mayafin tebur ya duba, ya juya shi, ya shinshina, ya kurɓa, ya ja iska ta baki, sannan ya yi shiru kamar an yi masa rasuwa. Isha'aku bai taɓa kai ta bakinsa ba. Ya rantse mini, na kuma yarda, don mutum ne da ko goro ba ya ci sai ya yi bisimilla a bayyane.

Akwai kwalba ɗaya da Baturen ya ajiye tun shekarar da aka haifi 'yarsa, wai sai ranar aurenta. Wata bazara ya tafi hutu ƙasarsu, wuta ta lalace a unguwar, zafin Yamai ya shiga ɗakin ya zauna. Da ya dawo ya ga toshin ya ɗago, ya buɗe, sai tsami ya buge shi. Ya daɗe zaune da kofin a hannu, sannan ya ce a zubar. Isha'aku ya tambayi wani malami, malamin ya ce giyar da ta juye ta zama khal da kanta, ba da hannun kowa ba, ta tsarkaka. Sai ya juye ta a ɗan tulu ya rufe, bayan wani lokaci uwa ta fito a kai. Da zai zo Jidda, a kwalbar zuma ya ɗauko ta cikin kayansa.

Nan ya ci gaba da ciyar da ita da baƙin inabin garin Ɗa'if. Yakan fara cika tulun da tsohon khal kafin ya ƙara sabon ruwa kaɗan, don kada ruwan ya bi ta hanyar da ba ta dace ba ya zama giya. In zai duba ko ya yi, sai ya yi duk abin nan da ya ga Baturen yana yi, har da shirun. Ina yi masa tsiya in ce duk wannan yanga a kan abin zuba wa wake, ya yi murmushi kawai.

A watan Sha'aban na bara ya faɗi a bakin masallaci, ɓarin jikinsa ya ɗan shanye, harshensa ya yi nauyi. Usman yana aiki a tashar jiragen ruwa, kuma a lokacin an tura shi Yanbu, sai amaryar Usman ɗin, Ruba, ta tsaya a kan jinya. Ruba 'yar kirki ce, jikar alhazan da suka zo tun da daɗewa, haifaffiyar Jidda. Tana jin Hausa rabi da rabi, ba ta kuma daɗe da tarewa ba, ba ta taɓa leƙa siton ba. A gadon asibiti tsohon ya tattara ƙarfinsa ya ce mata:

"'Yata, ki kula da uwa. Duk Juma'a ki ba ta ruwan inabi. Kada ki bar ta cikin zafi."

"Halas, shi ke nan, Ammi," in ji ta, don haka take kiran surukinta.

Ranar Juma'a sai ga Ruba a ƙofata da jug na ruwan inabi mai sanyi, ta ce saƙon Ammi ne. Ta shiga ta duba mukayyif ɗina, wato na'urar sanyaya ɗaki, ta ce ba ya sanyi sosai, ta kira mai gyara. Na sha inabina har da lumshe ido. Wata Juma'ar ta sake kawowa. Ba zan ɓoye ba, sai da na fara tunanin ko tsohon nan yana da wata magana a ransa da ciwo ya tono, har na sayi sabon turare.

Ruba kuwa, da azumi ya matso, ta shiga gyaran gida kamar yadda kowa ke yi. Ta buɗe siton, wari mai tsami ya tare ta, ga 'yan ƙananan ƙudaje, ga wani abu mai yauƙi a cikin tulu. Malam Isha'aku ya riga ya kwashe khal ɗin ya raba wa masu saye saboda azumi, saura kaɗan a ƙasa. Ta zubar da komai a magudana, ta wanke tulunan da sabulu da tafasasshen ruwa, ta kife su a rana.

Ranar da aka sallamo shi, kafin ya shiga ɗaki ya dogara sandarsa zuwa siton. Ya tarar da tulunan a jere suna ƙyalli, Ruba na tsaye a gefe tana jiran yabo. Ya dube su, ya dube ta, ya ce Allah ya yi mata albarka, ya shiga ya kwanta. Daga ranar abinci sai an matsa masa.

Ni na je dubiya, na ƙara da godiyar inabi. Ya zuba mini ido, sai na ga ya gane. Ya fara dariya da rabin bakinsa, dariyar ta koma hawaye. Na ji kunya, na ji tausayinsa, na kuma ji haushin turaren da na saya. Ya roƙe ni kada in gaya wa yarinyar, ni kuwa cikina ba ya riƙe irin wannan. Ina fita na same ta a kicin na zayyane mata komai.

Ta yi kuka sosai. Da ta share ido sai ta tambaye ni ko akwai abin yi. Na koma na tambayi tsohon a fakaice, ya ce khal ɗinsa ba dafaffe ba ne, in an manta da kwalba ta daɗe a wuri mai ɗumi, wani lokaci takan haifi wata uwar, amma mutane ba sa barin nasa ya daɗe. Ruba ta ɗauki abayarta, muka bi gidajen masu saye ɗaya bayan ɗaya, daga Ammariyya har Aziziyya, ita da Larabci ni da Hausa. Ko'ina sabon bai daɗe ba, tsohon kuma an shanye, ko an wanke kwalbar an zuba mai. Sai a shagon Youssouf, wani ɗan Chadi mai sayar da ful, muka samu wata da ta faɗa bayan tukunyar gas tun wancan azumin. Saura ɗan kaɗan a ciki, da wani siririn abu yana yawo a sama.

Bayan magariba ta kai masa. Ya zauna, ya sa aka zuba kaɗan a kofin shayi, ya duba, ya shinshina, ya kurɓa. Muka jira. Ya girgiza kai ya ce tun da ya kwanta ciwo komai ruwa ne a bakinsa, ba ya bambanta gishiri da sukari, bai dai gaya wa kowa ba. Sai ya miƙa wa Ruba kofin, ya ce ta kurɓa kada ta haɗiye, ta ja iska, ta dakata.

Ta yamutsa fuska. "Tsami, Ammi. Marra tsami, sosai."

"Bayan tsamin fa? Kada ki yi sauri."

Ta rufe ido. Can ta ce, tana laluben Hausar, "Akwai zabib, busasshen inabi. Ba'den wani abu kamar tsohon katako. Kuma bai tafi ba, yana nan a maƙogwaro."

Malam Isha'aku ya sunkuyar da kai.

"Ita ce, tana da rai," ya ce. "Ni ba zan ƙara jin ta ba, 'yata. Ke za ki riƙa gaya mini."

Ruba ta rungume kwalbar da hannu biyu, ta tambaye shi wane tulu za ta ɗauko.