Tormod, Mai Jiran Na Baya

Tun ina yarinya, ƙarar masaƙar Tormod MacAskill ce ke tashe mu a ƙauyenmu na tsibirin Lewis. Yakan yi ta saƙar ulu har hantsi, ya leƙa tumakinsa, ya dawo ya sha shayi baƙi ƙirin. Ranar Lahadi masaƙa takan yi shiru, ya ɗauko baƙar kwat ɗinsa da ta ga jiya ta ga yau, ya tsaya gaban jama'a ya ba da waƙa.

Majami'armu ba ta da kayan kiɗa. Shi ke rera layin Zabura, mu amsa, kowa da saurinsa, kamar tumaki masu gangarowa daga tudu. Sai dai Tormod ba ya ɗaga sabon layi sai muryar ƙarshe ta sauka, ta ƙarshen kuwa kullum ta Seonag ce, wata tsohuwa mai nauyin kunne. Mu yara har tsaki muke yi a ciki, don miya na hucewa a gida. Yau da zan samu, da na sake zama a bencin nan mai sanyi ina jiran ta.

Uisdean, dattijon ikilisiya, ya sha yi masa ƙorafi cewa Allah mai tsari ne, a sama ma mala'iku da murya ɗaya suke yabo gaban kursiyi, ba mai jan ƙafa. Wata rana a bakin ƙofa Tormod ya dube shi ya ce, "Kai Uisdean, yaushe ka je ka dawo ba mu sani ba? Ni dai Uban da na sani, bakin hanya ya tsaya yana jiran ɗansa. Mai har abada a hannu, gaggawar me zai yi?"

Sanyin bara ciwon ƙirji ya cinye masa murya. Ya roƙa a bar shi ya ba da waƙa sau ɗaya kafin ya sauka daga aikin, amma ta kan katanga ya gaya mini tsoronsa: kada muryar ta mutu a tsakiya, a riƙa tuna shi da haka.

Da Lahadin ta zo, muryar kuwa ta mutu. Muna sauke layi na biyu ya buɗe baki, ba abin da ya fito. Sai na ji wani bai saki ƙarshen layin ba, yana jan sa. Uisdean ne. Muka kama masa, in numfashin wannan ya ƙare na kusa ya ɗauka, har Tormod ya share ido, ya sami 'yar siririyar muryarsa, ya ba mu layi na gaba. Na yi kuka, ban kuma ji kunya ba.

Tormod, kai ne ka koya mana halin Allah ba tare da ka taɓa hawa mumbari ba. Mun gode, Ubangiji ya ƙara maka lafiya. Ku matasa da za ku tsaya inda ya tsaya, ku koyi saurare kafin rerawa, ku jira na baya.

Da muka fito daga majami'a ran nan, Uisdean ya riƙe masa hannu a matakala, ya ce, "Taka a hankali, tsoho. Ba inda za mu sai da kai."