Kumburin da Suka Kira Ƙiba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar mahaifina, Malam Buba mai gyaran injin ban ruwa a Kolere. Duk shekara 'yan'uwansa kan cika zaurenmu, su yi addu'a, su share farantin shinkafa, su ce kwanansa ne ya ƙare. Ban musa ba. Amma ni 'yarsa ce, ni na yi jinyarsa, kuma ban manta rawar da kowa ya taka ba.

Ciwon ya kama shi yana tsugune gaban wani inji. Ya dafe ƙirji, zufa ta keto masa. Ya tsira da rai, amma likita ya ce jijiyar zuciya ce ta toshe, wani ɓangare na naman zuciyar ya rasa jini, ya mutu, ya zama tabo. Tabo kuwa ba ya matsawa. Sauran naman ne ke faman tura jinin, kuma ba ya iya tura shi duka, sai ruwa ya riƙa taruwa a ƙafafu da huhu. Baba bai bari likita ya dire ba. Ya ce ya gane, in ƙarfin inji ya ragu, baya ruwa yake komawa. Aka hana shi gishiri, aka ba shi magunguna, ciki har da ƙwayar da ke fitar da ruwan ta fitsari.

Wata biyar yana lallaɓawa. Matsalar ɗaya ce, ƙwayar ba ta barin alwala ta daɗe. A majalisa ko wurin ɗaurin aure, kafin hira ta yi nisa Baba ya zari buta. Abin da ya tsone wa wansa ido ke nan, Bappa Hammadu, mutumin da ko tayar keke bai taɓa liƙewa ba, amma babu cutar da bai san kanta ba. Takanas ya taso daga Gella.

"Wannan ƙwaya yana zubar maka da girma, Buba. Dattijo kamar kai, kullum buta a hannu? Ka bar shi."

"To, Hamma," in ji Baba.

Shi ke nan fa. Mutumin da ya fi kowa fahimtar cutarsa ya ajiye magani, don kawai ba a ja da babban wa. Na yi ƙorafi, ya ce kada in ba shi kunya. Na ja bakina, kuma wannan shirun yana cina har yau.

Cikin 'yan makonni ƙafafunsa suka cika, ciki ya taso. Masu dubiya suka hau murna, wai jiki ya dawo, Buba ya yi ƙiba. Bappa har romon kan saniya ya aiko, ya sha gishiri da dunƙule. Ni kuwa in na danna yatsa a ƙaurinsa, sai ramin ya ƙi cikowa. Barci sai a zaune. Ranar da muka kai shi asibiti yana kokawa da numfashi, bai kai la'asar ba.

Nakan yi tunanin me zai ce da ya ga majalisar yau, inda kowa ya zama likita da waya a hannu, wai tafarnuwa da lemun tsami suna wanke zuciya tas. Na san zai yi murmushi, don ya san naman da ya mutu ba ya wankuwa. Na kuma san in babba ne ya faɗa, zai ce to.

Injunan da ya gyara suna nan suna jan ruwa a fadamun Duvu, wannan gado na karɓa da hannu biyu. Kunyar ce na ƙi gada. Bana, bayan an shafa fatiha, na ji Bappa yana gaya wa baƙi cewa ƙanensa da jikinsa mai kyau ya koma ga Allah. Na ɗaga labulen zaure, a gaban kowa.

"Ba ƙiba ba ce, Bappa. Ruwa ne, kuma ka san wanda ya hana shi fita."

Babu wanda ya sake kai hannu cikin farantin.